Yadda muka kawo tulun ƙarfe mai tan 68 daga Kwatano zuwa Damagaram

Shekaranjiya wani ƙanena ya kira ni, wai patron ɗinsu ya samu aikin ɗauko wani babban inji kuma an ce shi zai bi takardu, yana tambayata yaya daga ina ake farawa. Na fara yi masa bayani a waya har kiredi ya ƙare ban ma kai Gaya, garin iyakarmu da Benin, ba, sai na ce bari dai in zauna in rubuta, shi ya karanta, wani ma da zai faɗa irin ramin da na faɗa ya karanta. Ni ɗan Zango ne a nan Damagaram, da yaron mota na fara a hanyar Agadas, daga baya da Alhaji, patron ɗinmu, ya ga ina iya karatun Faransanci sai ya ɗauke ni daga bayan mota ya mai da ni mai bin takardu. Kafin wannan aikin siminti na sani da shinkafa da kwantena, kayan da in ka ɗaure bashe ka biya peyaj ka gama. Ban taɓa raka kayan da ya fi hanya faɗi ba.

Duk ɗan Damagaram ya san matatar mai ta SORAZ da ke arewa da gari wajen kilomita 50 a hanyar Tanut, wadda aka buɗe ƙarshen Nuwamba 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man kuma ta bututu yake zuwa mata daga Agadem, tafiyar sama da kilomita 460. Abin da mutane ba su cika tunawa ba shi ne man ne kaɗai yake bin bututu. Ƙarafunan nan da kake hangowa daga gudron sun yi cirko-cirko, ba mu da teku, jirgin ƙasa bai zo mana ba, kowane guda a bayan mota ya zo, wani ya sha rana a kansa. To a ƙarshen 2018 wani kamfani mai kwangila a can ya ba Alhaji aikin ɗauko masa wani tulun ƙarfe daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, irin dogayen nan da ake tsayarwa a tsaye ana haɗa musu bututai, su ma'aikatan balon suke ce masa, ni dai tulu na sa masa kuma sunan ya bi shi har muka rabu.

Alhaji ya kira ni buro ya miƙo min takarda ɗaya, ya ce duba ka gaya min ko remok ɗinmu mai aksil takwas za ta ɗauka. A takardar an rubuta nauyi tan 68, tsawo mita 19, faɗi mita 3.8. Na yi lissafi a tsaye ko zama ban yi ba, na ce Alhaji bayan remok mita ɗaya ne daga ƙasa, in an ɗora 3.8 ya zama 4.8, za ta wuce. Ya ce ka tabbata? Na ce ranka ya daɗe lissafi ne ai. Wannan 4.8 ɗin da na faɗa da bakina ita ta bi ni wata biyu tana cizona, don ita na rubuta a kowace takarda da na kai kowane ofishi.

Na farko Yamai. Akwai dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, da direbobi ke ce wa regleman 14, ta 2005 ce, ita ta yanke cewa babbar mota kada faɗinta ya wuce mita 2.55, tsayinta daga ƙasa zuwa bisa mita 4, mai aksil shida kuma da kayanta duka kada ta haura tan 51. Mu kuwa tulu da remok da kan mota mun haura tan 100, ga faɗi ga tsawo, don haka dole sai da izini na musamman daga ma'aikatar da ke kula da hanyoyi da sufuri. Dosiyen da na haɗa akwai wasiƙar neman izini da tambur a kanta, karti giris na kan mota daban na remok daban, asurans, bizit teknik, permi na direba, zanen kayan, takardar da ke nuna yadda nauyin zai rabu a kan kowane aksil, sai hanyar da za a bi gari bayan gari da ranakun tafiya. Wannan ta rabon nauyin ban zo da ita ba ran farko, ban ma san ana yinta ba, sai da wani dattijo a buron ya zaunar da ni ya ce ɗana gada ba ta tambayar nauyin motarka duka, tana tambayar nawa kowace ƙafa za ta taka ta da shi. Na koma na nemi wani injiniya ya yi mana, ya karɓi jika 75. Kwana 11 na yi a Yamai ina kwana gidan wani ɗan unguwarmu, kullum in je a ce mai sa hannu ya tafi taro, ko a ce in dawo bayan azahar. Ba wanda ya wulaƙanta ni gaskiya, jira ne kawai, ka zauna a benci har ka haddace duk takardun da aka liƙa a bango. Kuskure na biyu a nan na yi shi, na nemi izinin kwana 15 kuma na sa ya fara daga ranar da aka ce jirgi zai iso. Jirgin ruwa kuwa ba bas ɗin Yamai ba ne.

Na isa Kwatano izini a jaka ina taƙama, taransite ɗinmu, wato mai fitar mana da kaya daga tashar jirgi, ya dube shi ya ce madalla, na Benin fa? Sai na yi shiru. Izinin Nijar daga tsakiyar gadar Gaya yake fara aiki, fiye da kilomita 700 na ƙasar Benin sai da nasu, da rakiyar jami'ansu. Shi ya bi wannan, Allah ya saka masa, tare da takardar bin sawun kaya ta CNUT, hukumar masu jigilar kaya ta Nijar, da takardun duwan na wucewa da kaya. Jirgin ya yi latti kwana 9. Muna Zongo muna cin kuɗin Alhaji, ni da direba da yaran mota biyu da makanike, kullum da safe in ƙirga kwanakin izinina suna zubewa kamar ganyen bedi. Direban wani dattijo ne ɗan Tasawa, Baba muke ce masa, ya shekara talatin yana jan porshar, wato remok ta manyan injuna, ba ya yawan magana, shayinsa kawai da carbi. Abin da ya nace a kai shi ne remok ta kwana kusa da por, don irin wannan kayan jirgin ne da kansa yake sauke shi da nasa injin ɗagawa kai tsaye a kan remok, in aka zo saukewa ba ka nan suka dire shi ƙasa, to ɗaga shi kuma sai ka yi hayar wani injin da kuɗinka, ga kuɗin ajiya yana hawa.

Ranar saukewa na ga abin da idona, gani ya kori ji. Yana saukowa a hankali daga cikin jirgi yana juyawa kaɗan-kaɗan, ƙasansa kuma ga wasu kujerun ƙarfe biyu da aka ɗaure masa tun daga masana'anta don kada ya mirgina, a bayansa ga wani bakin bututu ya fito kamar hancin buta yana kallon sama. A jikinsa an zana wani ɗan da'ira baƙi da fari, nan ne tsakiyar nauyinsa, kuma ba a tsakiyar tsawonsa yake ba, ya karkata wajen gindi. Baba ya sa aka ɗaga aka sake direwa har sau uku sai da alamar nan ta zauna daidai inda yake so a kan remok, masu jirgi suna ta ƙorafi shi ko a jikinsa. Aka shimfiɗa roba ƙarƙashin kujerun, aka ja sarƙoƙi ta wuraren da aka tanada, ban da kan bututan. Da aka gama sai Baba ya miƙo min mita ya ce hau ka auna. Na ce Baba ai akwai a takarda. Ya ce takarda ba ta bin ƙarƙashin waya, hau. Na hau na saki mitar daga bakin bututun nan zuwa ƙasa, yaron mota ya karanta, 5.6. Na ce sake karantawa. Wallahi nan take cikina ya ɗuri ruwa, ina bisa iskar teku tana kaɗa ni amma zufa nake. Takardar ba ta yi ƙarya ba, faɗin tulun ta faɗa, ba ta sa kujeru ba ba ta sa hancin ba, ni ne ban tambaya ba.

Kiran da na yi wa Alhaji a daren ba zan manta shi ba. Bai yi faɗa ba, ya ce to, kawai, ya kashe, kuma wanda ya san Alhaji ya san gara ya zage ka. Izinin Benin da na Nijar duka 4.8 ke ciki, kuma in aka auna ka a hanya aka ga ya saɓa, kamar ba ka da izini ne. Aka sake shigar da gyara a ɓangarorin biyu, na Nijar har da sabunta kwanaki tunda na farko saura kaɗan ya mutu, wannan karon na ce a ba mu kwana 45. Kwana 6 ya ci. A cikin kwanakin ne na yi abin da ya kamata in yi tun kafin in taka Yamai, wato bin hanyar da ido. Na sayi gora na yanke ta mita 5.8, na ɗaure a saman wata ƙaramar mota da muka yi haya, ni da makanike muka kama hanya, duk inda muka ga waya ta gitta mu tsaya in tsayar da gorar nesa kaɗan in kwatanta, in rubuta sunan gari da abin da ke wurin. Wayoyin lantarki, wayoyin tarho, allunan barka da zuwa da ake gittawa a bakin gari, rassan bedi, kwana mai tsanani, rampuwan da remok mai mita ashirin da wani abu ba za ta zagaya ba, da tudun rage gudun nan da muke ce wa dodan, wanda ƙaramar mota ke haurawa ba komai amma doguwar remok cikinta yake kamawa. Littafin makaranta guda na cika.

Ɓangaren Benin ba zan daɗe a kai ba, Paraku, Kandi, har Malanbil kwana 6, da rakiya gaba da baya, ba abin da ya faru sai ciwon baya. A iyaka muka kwana biyu ana duba takardu ana auna motar aksil bayan aksil, kuma a nan na ga amfanin jika 75 ɗin nan, don abin da sikeli ya nuna bai yi nisa da lissafin injiniyan ba. Gadar kogin Isa mu kaɗai muka hau ta, an tsayar da motoci ta kowane gefe, Baba ya bi tsakiya da giya ɗaya, ba birki ba ƙarin wuta, tafiyar da mai ƙafa zai wuce shi. Ni ina gaba ina tafiya da baya ina kallon tayoyi, ban san ina karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi ba sai da wani jandarma ya ce malam ci gaba, mu ma muna amin.

Daga Gaya zuwa Doso, sannan muka hau babbar hanya ta ɗaya muka fuskanci gabas, Dogon Dutsi, Ƙonni, Malbaza, Galmi, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi. Izinin bai yarda da tafiyar dare ba, don haka da an yi asuba gari ya fara haske za mu tashi, gudun bai wuce kilomita 25 zuwa 30 a awa ba, da rana ta take mu tsaya tayoyi su huce, kafin magariba kuma dole mun samu fili mai tauri mun ajiye, an zagaye da fitilu da alamomi. Kowace tsayawa Baba sai ya zagaya ya bugi kowace sarƙa da ƙarfe yana saurara, wadda ta yi sako-sako muryarta daban ce. Motar jandarma a gaba, tamu mai jan tuta da gora a bayansu, sai tulu, sai makanike a ƙarshe da tayoyin safaya. Man motar rakiya da abincinsu a wuyanka yake, ka sa shi cikin lissafi tun farko, lokacin gazuwal yana sefa 538 lita, kuma kan motar da ke jan tan 100 shan mai take kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma.

Maganar waya ita ce inda na kusa ɗaukar alhakin rai. Ƙa'ida ita ce ka rubuta wa NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, tun da wuri, gari-gari, su turo ma'aikatansu su yanke wuta ko su ɗaga wayar. Na rubuta wa manyan garuruwa, na manta da wani ƙaramin gari bayan Ƙonni duk da yana cikin littafina. Muka iso, ga wayoyi uku sun gitta, ga rana tana yi, ga motoci sun yi layi a bayanmu ana ta oda. Ɗaya daga cikin yaranmu, yaro ne mai zafin nama, ya ce yaya bari in hau da sanda mai baki biyu in tura ta sama, haka muka yi wa na tarho jiya. Na ce hau. Har ya kama tsani, sai wani mutum da ke zaune a rumfar mai shayi ya taso da gudu yana ɗaga hannu, ashe tsohon ma'aikacin lantarki ne. Ya ce kai wane ne babba a nan? Na ce ni ne baba. Ya ce ɗan wa za ka kashe? Wannan ba wayar gida ba ce, babbar waya ce, ba sai an taɓa ta ba, in ƙarfe ko mutum ya matso kusa wutar tsallakowa take, kuma yaron yana tsaye a kan ƙarfe tan nawa. Ya nuna min kwalaben da ke riƙe da wayar a jikin fol ya ce ka riƙa duba waɗannan, in ka gan su manya haka ka ja baya. Muka janye gefe muka kwana a nan, washegari ma'aikata suka zo suka yanke wutar, minti ashirin muka wuce. Yaron har yau in mun haɗu sai ya ce yaya saura ƙiris ka aurar da ni ga lahira, yana dariya, ni ba na iya dariyar.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma su ke cin kwana da kuɗi. Kusa da Galmi tayoyi biyu suka fashe lokaci ɗaya, muka wuni a gefen gonakin albasa ana ɗaga aksil. A wani ƙauye hancin tulun ya tsinke wayar da wani ya ja daga shagonsa zuwa gidansa ta saman hanya, ba ta cikin littafina don bayan wucewata aka ja ta, muka zauna gaban mai gari na biya jika 15 aka yi musabaha. Wani gari kuma muka iso ranar kasuwarsu, tebura da amalanke da awaki har tsakiyar gudron, ba yadda za ka yi sai ka jira kasuwa ta watse, to da ta watse magariba ta yi. Tun daga nan na ƙara shafi a littafin na ranakun kasuwa. Duk abin da na kashe ina rubutawa ina karɓar resi inda ake bayarwa, inda ba a bayarwa in sa Baba ya sa hannu a matsayin shaida, don kuɗin hanya kaɗai ban da man babbar mota ya haura miliyon biyu, kuma in ka dawo ba rubutu ko uwarku ɗaya da patron sai ya yi maka wani kallo.

Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa inda iyalan Baba suka kawo mana tuwo da miyar kuka har bakin hanya, Takeita, sai gida. Kwana 13 daga Gaya. Damagaram da sassafe muka ratsa ta kafin 'yan kabu-kabu su fito, amma duk da haka yara sun bi mu da gudu, wani tsoho yana tambaya ko roka ce. Na hango unguwarmu ban tsaya ba. Muka juya arewa hanyar Tanut, ina ce wa raina an gama, ashe da sauran rina a kaba.

A ƙofar wurin aiki aka karɓe wayoyinmu da ashana da birike, aka zaunar da mu awa biyu ana koya mana dokokin tsaro, aka ba mu baj da hular kwano, wanda ba shi da takalmin ƙarfe aka ce ya tsaya waje, aka ɗaura wa salansar mota wani abin kare tartsatsi. Wannan duk daidai ne, wuri ne da iskar gas ke iya yawo. Sauke kayan da tsayar da shi yana cikin kwangilarmu, kuma ni na yi hayar motar ɗaga kaya, guru kamar yadda muke cewa, daga wani kamfani, mai tan 100. Lissafina irin na 4.8 ne, 68 bai kai 100 ba, har da ragowa. Injiniyan da ke kula da ɗagawa, wani ɗan Nijar ne matashi da abokin aikinsa Shinuwa, ya tambaye ni takardar tsarin ɗagawa, na ce wace? Bai yi min dariya ba, ya kai ni cikin gurun ya nuna min wani allo mai layuka da lambobi. Ya ce yaya tan 100 ɗin nan sai in kayan yana manne da ita kamar mita uku, hannunta kuma a gajarce. Duk yadda kayan ya yi nisa ƙarfinta raguwa yake. Ya ce ɗauki bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi ka ji. Inda za ta tsaya zuwa inda za a dasa tulun mita 12 ne, ya sa yatsa a layin, ko tan 30 ba ta kai ba. Kuma ƙugiya da igiyoyin ƙarfe da maniy, wato ƙarafan da ke haɗa igiya da kaya, duk ana haɗa nauyinsu cikin kayan. Kuɗin kawo gurun nan da mayar da ita haka muka biya a banza, sai dai ba a kore ta duka ba, ita aka bari ta riƙe gindin tulun, aka nemo wata babba mai tafiya a kan sarƙa wadda ita kanta a motoci da yawa aka kawo ta aka haɗa. Kwana 9 muna jira, remok tana tsaye da kaya a kai, kowace rana asara ce ga Alhaji.

A kwanakin na koyi abin da ban koya ba a shekara goma. Ƙasarmu rairayi ce, sai da aka zuba jar ƙasa aka daddaɓe aka shimfiɗa faranta na ƙarfe inda guru za ta taka, don in ƙafa ɗaya ta nutse ko da taƙi ɗaya ne can saman hannun ya karkata da yawa. An duba ko akwai bututu ko waya a binne a wurin. Kowace igiya da kowane maniy an duba lambarsa da takardar gwajinsa, ɗaya da ta ɗan tsattsage aka jefar gefe. Ya nuna min kuma yadda buɗewar igiya ke ƙara mata nauyi, in igiyoyi biyu suka kwanta har kusurwarsu da ƙasa ta zama digiri 30, kowace tana jin ninki biyu na abin da za ta ji in a tsaye take, shi ya sa suka sa wani ƙarfe a tsakani ya raba su. Sannan iska. Lokacin hunturu ne, akwai ɗan abin auna iska yana juyawa a ƙolin hannun gurun, sun ce in ta kai wajen mita 9 a daƙiƙa ba ɗagawa. Rana biyu a jere muna shiryawa, izinin aiki ya fito an sa hannu, ƙarfe tara iska ta taso da ƙura har ba ka ganin ƙolin, a ce a kwance. Ran nan na ce wa injiniyan don Allah a daure a yi, iskar ai ba ta kai ta kayar da mutum ba. Ya ce mutum ba shi da tsawon mita 19.

Rana ta uku tun ƙarfe shida muna wurin, garin shiru. Aka taru aka maimaita wa kowa aikinsa, aka ja jan kyalle aka fitar da duk wanda ba shi da aiki, har ni, aka ce mutum ɗaya ne tak zai ba da umarni, amma kowa ya ga matsala yana iya cewa a tsaya. Baba ya kwance sarƙoƙinsa da hannunsa. Suka ɗaga tulun kamar taƙi ɗaya daga kan remok suka tsaya, minti goma yana rataye ba mai motsi, ana duba faranta ana duba birki ana duba lambar nauyi a allon direba. Na ji remok ta yi wani ƙara tana miƙewa kamar wanda aka sauke wa buhu. Sannan Baba ya ja ta ya fice daga ƙarƙashi. Babbar guru ta fara ɗaga kai, ƙaramar tana riƙe da gindi tana matsowa, tulun yana tashi kaɗan-kaɗan har ya tsaya cak, aka kwance ƙaramar, mutum huɗu riƙe da igiyoyi suna hana shi juyawa. Saukar da shi kan kusoshin da aka dasa a kankare ya fi komai cin lokaci, ramukan gindinsa sai sun shiga duka lokaci ɗaya, ana ta ƙasa kaɗan, tsaya, hagu kaɗan. Ba su saki ƙugiya ba sai da aka auna tsayuwarsa da na'ura ta gefe biyu aka ɗaure noti. Wajen sha ɗaya da rabi aka gama. Na nemi Baba na same shi bayan mota ya riga ya hura gawayi a waje da shinge.

Kafin ka bar wurin ka tabbata an duba kayan a gabanka an sa hannu a takardar karɓa, in akwai ƙujewar fenti a rubuta a ɗauki hoto, don ba a biyan sauran kuɗi sai da ita. Mu an rubuta mana ƙujewa ɗaya a hancin nan, wurin wayar mai shago. Ka duba kuma ko izininka ya haɗa da komawar remok ba kaya, tamu faɗinta mita 3 ne, ko wofi ta wuce doka, wannan kam na tuna na sa tun lokacin gyaran izini. Ƙanena, kai abin da zan ce maka, kada ka kai dosiye ko'ina sai ka nemi cikakken zanen kayan yadda za a yi jigilarsa, da kujerunsa da duk abin da ya fito a jikinsa, ka bi hanyar da ƙafarka, ka nemi kwanaki ninki biyu na abin da kake zato, mai guru kuma kada ka tambaye shi tan nawa take ɗauka, ka gaya masa nisan ka ce ya nuna maka allon. Hanyar da na faɗa ma ka sake bincika ta, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin, kaya da yawa suka koma Lome su ratso Burkina cikin ayari da rakiyar soja, gadoji da wayoyin can ba su cikin littafina.

Alhaji bai cire min ko dala ba a albashi, amma wata shida duk wanda ya shigo buro sai ya ce masa ga injiniya 4.8 nan, ku gaisa. Gorar tana nan a gida jingine da katanga, uwar yara ta mai da ita abin kaɗo lemun tsami, in za ka zo ɗauka ka zo da wata ka musanya mata.